Baƙo a Gidansa

Litinin, da hantsi

Malama ce ta ce in riƙa rubutawa. Na tambaye ta me zan rubuta, ta ce duk abin da ya zo. Na ce mata ni abubuwa ba sa zuwar mini ɗaya bayan ɗaya, gaba ɗaya suke zubowa kamar an kifar da kwandon kaya. Ta ce to in ɗauki wanda ya faɗo kusa da ƙafata.

Wanda ya faɗo kusa da ƙafata shi ne hannuna na dama yana cikin bandeji. Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya yi kamar kaza ta yi tono.

Malama ba likita ba ce, tun farko ta gaya mini. Mai ba da shawara ce, dattijuwa, ofishinta yana saman wani kantin magani. Kujera biyu, tebur ƙarami, kwalin tishu. Mai shagonmu ne ya haɗa ni da ita bayan abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan. Ya ce in huta a gida, in riƙa ganinta, daga baya ma yi magana. Kusan shekara ashirin ina yanka masa gilashin tabarau, bai taɓa ce mini in huta ba sai yanzu.

Agogon bangonta yana da ƙara. Ta lura ina ta kallonsa, ta tashi ta cire shi ta kai wani ɗaki. Ban san dalilin da ya sa wannan ya kusa sa ni hawaye ba.

Talata, da yamma

Hannun da sauƙi. Duk wanda ya bugo waya abin da nake gaya masa ke nan.

Laraba, bayan azahar

Ashe ban san gidan nan da rana ba. Firiji yana gurnani, famfon banɗaki yana ɗiga, maƙwabta sun bar rediyo yana ta surutu shi kaɗai. Maman yara tana makarantar da take koyarwa, Auta ta bi ta. Babbar 'yarmu tana jami'a, an ce kada a gaya mata komai.

Ɗakin bayan shago nake kewa. Taga ɗaya ce a can sama. Takardar likitan ido ta shigo ta ƙaramar ƙofa, in duba, in auna tsakanin ido da ido, in ɗiga alama a gilashi, in ɗora shi a inji. Ruwa yana zuba a kan dutsen washi, warin roba yana tashi. In goge gefen, in ɗumama firam, in zura gilashin ya ce ƙas. Mutane suna mamaki wai ƙarar inji ba ta damuna amma hira tana damuna. Ai inji na san lokacin da zai fara, na san lokacin da zai tsaya. Mutane ne ba su da maɓallin kashewa.

Watan jiya mai shago ya ce ya ƙara mini girma, in dawo gaban kanta in riƙa karɓar masu saye. Kowa ya yi mini murna. Maman yara ta saya mini sababbin riguna. Na ce na gode, don abin da ake cewa ke nan.

Juma'a, da safe

Malama ta tambaye ni labarin ranar Alhamis ɗin. Na gaya mata shagon ya cika. Rediyo a kunne, wayar shago tana kuka, fitilar sama tana ƙyaftawa, mata biyu suna gwada firam suna shewa, wani jariri ya ƙi yin shiru. Sai wani mutum ya dafa kafaɗata ta baya yana maimaita magana ɗaya a kunnena. A nan na tsaya. Ta ce ba sai na ƙarasa ba.

Ta tambaya tun yaushe nake jin haka. Na ce ban san lokacin da ban ji ba. A gidanmu Baƙo ake kirana, har yau da furfura a kaina. Inna ce ta raɗa mini, wai ina zama cikin 'yan'uwana kamar wanda ya zo cin arziki yana jiran a sallame shi.

Na gaya mata yadda nake yi. In na ga haƙoran mutane a waje sai in fito da nawa, ko ban gane abin dariyar ba. In mutum yana yi mini magana, tsakanin girarsa nake kallo, ya zaci idonsa nake kallo. Kafin in shiga taro sai na shirya gaisuwa da amsoshi a kaina, kamar ɗan jarrabawa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, na zaci kowa haka yake yi, su dai sun fi ni iyawa ne.

Ta ce a'a, ba kowa ba ne. Ta ce wannan aiki ne, kuma na fi shekara arba'in ina yinsa ba hutu. Da na fito sai na zauna a matakalar bene na daɗe, har mai kantin maganin ya leƙo ya tambaya ko jiri nake gani.

Asabar, da yamma

Yaya ya zo. Tun daga bakin ƙofa ya fara: wai na cika sa abu a rai, wai namiji ba ya zama yana ba wata mata labarin yarintarsa. Ya ce ni mai gyara wa duniya ido, ga shi ba na ganin gabana. Ya yi dariya, na fito da haƙorana.

Ya ce ya biya ta shago. An sa sabon kabad na gilashi a madadin wanda na fasa da hannuna, wai ya ma fi na da kyau. Mutumin nan da ya dafa ni ya ce ya yafe, tunda ba shi na taɓa ba. Sai dai yarinyar da ke tsaye kusa da kabad ɗin, uwarta ta ce har yanzu in ta ji wani abu ya faɗi sai ta ƙanƙame ta.

Yaya ya ce ba don in damu ya faɗa ba.

Lahadi, da rana

Jan takalmi ne a ƙafar yarinyar. Ba za ta wuce sa'ar Auta ba.

Talata, bayan magariba

Malama tana da wani zama duk Talata da yamma, na manya irina. Na je ne don ta ce in je. Mu kaɗan ne, kujeru a kewaye, kuma ba a tilasta wa kowa magana.

Akwai wata nas. Ta ce in ta tashi aiki sai ta zauna cikin mota a ƙofar gida, gilashi a rufe, kafin ta iya shiga ta amsa sannu da zuwa. Mijinta har ya fara zargin wani take kira. Ta ce da ma haka ne, da ya fi sauƙin bayani.

Akwai mai gyaran firiji, wani dogo mai kallon takalminsa. Ya ce shi abin da ya hana shi zama lafiya da mutane, sai su ce masa ka riƙa leƙo mu mana, shi kuma sai ya leƙa. Sai ya ga an tsaya ana kallonsa, ana tambayarsa ko lafiya. Ya ce sai da ya kai shekara hamsin aka gaya masa ba nufinsu ya zo ba. Na yi dariya, ta gaske, har na tsorata da muryata.

Amma a motar haya sai abin ya juye. Da can ina gaya wa kaina gajiya ce, in na huta za ta wuce. Mutanen nan sun girme ni, kuma ba ta wuce musu ba.

Alhamis, da la'asar

Yau Malama ta faɗi wata kalma ta likitoci. Ta ce ba ita ke tabbatarwa ba, akwai masu gwaji in ina so. Ba zan rubuta kalmar ba. Ta ce ba ciwo ba ne da ake sha wa magani, haka aka yi kan, yana ɗebo ƙara da haske fiye da na wasu, yana kuma rasa wasu abubuwan da kowa ke tsinta ba tare da an koya masa ba.

Na zaci labari mai daɗi na kawo gida. Maman yara tana falo tana duba littattafan 'yan ajinta. Na gaya mata duka, a tsare, yadda Malama ta faɗa. Ta ajiye jan biro.

"To ni kuma fa, Baban yara?"

Na ce ban gane ba.

"Na sani ai. Shekara da shekaru ina shiga taron dangi ni kaɗai ina ƙirƙiro maka uzuri. Yau kana aiki, gobe kanka ke ciwo. Ranar da aka bugo aka ce mahaifina ya rasu, ina durƙushe a ƙasa ka tambaye ni ko na kashe gas. Yanzu kai an samo maka suna. Ni wane suna za a samo mini?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ne. Ina da amsa. Ina ta harhaɗa ta a kaina, in gaya mata ranar nan na ga gidan zai cika da mutane ne, na ji tsoron kada wuta ta tashi ta ƙara mata wani baƙin cikin. Kafin in gama shiryawa ta kwashe littattafanta ta shiga ɗaki.

Juma'a, da hantsi

An cire ɗinki. Babban yatsan ba ya lanƙwasawa sosai. Hannun da sauƙi.

Lahadi, da yamma

Malama ta ce in da hali in tambayi wanda ya san yarintata. Mun je gaida Inna a gidan Yaya. Maman yara ta tsaya wajen matarsa, ni na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa.

Na tambaye ta yadda nake ina yaro. Ta ce ba na kuka, ba na ƙiwa, ba na son a ɗauke ni. In an yi baƙi a ƙarƙashin gado ake samuna ina jera murafen kwalba. Ta ce har ta kai ni a duba kunnena. Sai ta kalle ni ta ce ai ba daga nesa na ɗauko ba, ubana ke nan a tsaye. Shi in ya ji sallama ɗakin ajiya yake shigewa, ita kuma ta ce wa mutane ya yi tafiya.

Ban san wannan ba. Ina ƙarami ya rasu, abin da na riƙe kawai mutum ne mai gyara abin da bai lalace ba.

Na ce, "Inna, kin ji daɗin zama da shi?"

Ta daɗe tana murza gwiwarta.

"Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bai kuma taɓa tambayata abin da ke damuna ba. Kai da ka iya awo, ka haɗa su biyun ka gani."

Da na juya sai na ga Maman yara a bakin ƙofa da tiren shayi. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Har muka dawo gida Auta ce kaɗai ke ta zuba a mota.

Talata, da yamma

Ban je zaman ba.

Laraba, bayan azahar

Maman yara da kanta ta ce za ta bi ni wurin Malama. An ƙaro kujera ta uku.

Yawancin maganar ita ta yi. Ta ce ba mugu ba ne ni, ba na duka, ba na zagi, ban taɓa barin gida ba cefane, shi ya sa duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce ta gode wa Allah. Ta ce ta gode har ta gaji. Ta ce zama da ni kamar magana ce cikin rijiya, muryarka kaɗai ke dawo maka. Ta ce ta daɗe da yanke cewa ba na sonta, kunya ce ta hana ni faɗa.

Malama ta juyo ta tambaye ni ko ina da abin cewa, ta kuma roƙi Maman yara ta jira ni ko zan daɗe. Na daɗe ɗin. Sannan na ce tabaran da ke fuskarta, na canza musu gilashi ban san sau nawa ba. In na ga ta fara nesanta littafi da fuskarta, sai in tafi da su shago ranar da ba ta aiki tana barcin rana, in yanka sababbi a firam ɗin, in mayar mata inda ta ajiye.

Ta cire su tana jujjuyawa a hannu.

"Da ka faɗa mini."

"Na zaci kin gani."

"Gani nake yi da su, Baban yara. Ba su nake gani ba."

Ta yi kuka. Na san ya kamata in matsa kusa da ita, na ga Malama ma ta kalle ni, amma sai na miƙa mata kwalin tishu. Malama ta ce mai yiwuwa ne ina sonta, kuma mai yiwuwa ne ta yi zaman kaɗaici a gidana, ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba. Na so a ce ya ƙaryata.

Juma'a, da rana

Na je shago. Da ƙofar baya na shiga. Na shirya maganata tun jiya: in ce wa mai shago na gode da ƙarin girma, amma ya mayar da ni ɗakina.

Bai bari na ƙarasa ba, ya ce in biyo shi. Ya buɗe ɗakin. Babu inji. Inda yake zaune shekara da shekaru akwai tabon tsatsa a siminti, an toshe bututun ruwan da tsumma. Kwalayen firam sun kai taga.

Ya ce tun kafin ya fitar da ni gaba ya gama magana da wani kamfani. Yanzu da yamma ake aika musu takardu, da safe su kawo gilashi a yanke. Ya fi masa sauƙi, duk shagunan layin haka suke yi. Ya ce ba ƙarin girma ba ne, hanyar da zai riƙe ni yake nema, sai ya rasa yadda zai gaya mini. Ya ce ya san ba na son canji, shi ya sa ya sa wa abin suna mai daɗi.

Na ce da ya faɗa mini. Sai na ji maganar a bakina ba tawa ba ce.

Ya ce gaban kanta yana nan in zan iya. Ta ƙofar ina hango sabon kabad ɗin, fitilar sama har yanzu tana ƙyaftawa. Na ce ba zan iya ba. Ya ce ya sani. Ya haɗa mini ƙananan sukundirebobina da filaya cikin leda, ya raka ni har titi yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya fasa wani abu.

Asabar, da safe

Na gaya wa Maman yara. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da guga.

Litinin, da azahar

An yi hutun makaranta. Maman yara za ta je wajen ƙanwarta da Auta, ta ce tana so ta huta ta yi tunani. Ban tambayi ranar dawowa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Jakunkunan sun fi na hutu yawa, ni na ɗauka na sani.

Na raka su tasha. Da suka zauna Auta ta leƙo ta taga.

"Baba, in mun tafi hayaniya za ta rage maka ko?"

Na ce a'a, ita ba hayaniya ba ce. Wannan karon ban tsaya shiri ba, nan take na faɗa. Amma kwandasta yana ta buga jikin mota, ban san ko ta ji ba.

Talata, bayan magariba

Na je zaman. Na gaya musu aikin ya tafi, gidan ma ba kowa. Ba wanda ya ce mini in yi haƙuri, ba wanda ya dafa ni. Nas ɗin ta turo mini kofin ruwa.

Da muka tashi mai gyaran firiji ya bi ni har inda ake shiga mota. Sai da motar ta tsaya ya ce wa takalminsa, kamfanin da ke yanka gilashin nan dai ba aljanu ke kunna musu inji ba. Malama ma ta ce in neme su. Ban nema ba tukuna. Yatsan ba ya riƙe ƙaramin sukuru, na gwada.

Alhamis, da hantsi

Na gyara famfon banɗaki. Na kashe firiji, ba komai a ciki. Babbar 'yarmu ta bugo, ashe uwarta ta gaya mata. Ta tambaya ya jikin. Na ce hannun da sauƙi. Ta ce ba hannun take tambaya ba, Baba. Can dai ta ce za ta shiga aji.

Asabar, da la'asar

Maman yara ta bugo. Na fara jero gaisuwa, ta katse ni.

"Ba sai ka yi magana ba. Ka dai bar wayar a kunnenka."

Na bari. Na ji ta ajiye tata a kan wani abu. Wanke-wanke take yi, ina jin ruwa, ina jin cokula. 'Ya'yan ƙanwarta suna rigima kan wani abu, Auta tana raba su da irin muryar uwarta. Wani ya buga ƙofa. Ita kuma tana wannan ɗan tarin da take yi in sabulu ya shiga mata hanci. Na zauna a ƙasan falo na jingina da kujera ina sauraro. Mun daɗe a haka, har rana ta bar tagar.

Sai ta ɗauki wayar.

"Ban ce zan dawo ba fa."

Na ce na ji.

"Gobe war haka zan kira."

Ta kashe. Na sa wayar a caji tun yanzu. Gidan ya yi tsit, irin shirun da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni, kuma ban san abin da zan yi da shi ba.